Idan Ƙarin Jini Ya Fi Ƙarfin Zuciya: Jagora Ga Ma'aikatan Jinya

Ana iya gwada jini a tabbatar ya dace da na mara lafiya, a tabbatar babu ƙanjamau ko ciwon hanta a cikinsa, a duba suna da lamba har sau biyu, amma duk da haka ledar nan ta zama ajalin mutum. A irin wannan hali jinin ba shi da aibu ko kaɗan. Yawansa ne da saurin shigarsa suka fi ƙarfin zuciya, ruwa ya koma ya taru a huhu, numfashi ya gagara. Likitoci na kiran wannan matsala TACO a taƙaice.

Shirin SHOT na Birtaniya, wanda ke tattara rahotannin illolin ƙarin jini tun 1996, da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, duk sun sha nuna cewa TACO na sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe mutane sanadin ƙarin jini. Abin takaicin shi ne, tana cikin illolin da suka fi sauƙin kaucewa. Yawancin aikin kauce mata ana yin sa ne tun ledar tana cikin firji, shi ya sa rabin wannan jagora ya tafi kan abin da za a yi kafin a rataya jinin.

Abin da ke faruwa a jiki

Babban mutum yana da jini kusan mililita 70 a kowane kilo na nauyinsa, ƙaramin yaro kuma kusan 80. Duk abin da aka zuba a jijiya zuciya zai tafi, ya ratsa huhu, ya dawo ɓangaren hagu na zuciya wanda ke tura shi sauran jiki. Idan ɓangaren hagun ya kasa kwashe abin da ke zuwa masa, jini zai cunkushe a ƙananan jijiyoyin huhu, matsi ya ƙaru, ruwa ya tsattsafo cikin gurbin da iska ya kamata ta shiga.

Jini ya fi ruwan leda haɗari ta wannan fuska. Ruwan gishiri da ake ƙara wa mara lafiya, mafi yawansa yana fita daga jijiya ya bazu cikin jiki ba da jimawa ba. Jini kuwa inda aka zuba shi nan yake zama.

Wanda ya fi ruɗar da ma'aikata shi ne mai daɗaɗɗen ƙarancin jini. Za ka gan shi fari fat, tafin hannu kamar takarda, sai zuciyarka ta ce a cika shi da gaggawa. Alhali jijiyoyinsa a cike suke. Jikinsa ya daɗe yana cike gurbin jajayen ƙwayoyin da suka ragu da ruwa, zuciyarsa kuma ta yi watanni tana gudu don ta isar da ɗan abin da ya rage. Ƙwayoyin jini ya rasa, bai rasa ruwa ba. Wanda ya yi haɗari jini na zuba, ko mai haihuwa da jini ya ɓalle mata, lamarinsu daban: su jijiyoyinsu ne suka yi fanko, kuma jinkiri ne zai kashe su. Kada tsoron TACO ya sa a rage wa mai zubar jini gudu. Sai dai da zarar an tsayar da zubar, a sake lissafi, domin a lokacin ne ake yawan ci gaba da ɗura leda bayan leda alhali buƙatar ta wuce.

Mataki na farko: shin jinin ya zama dole?

Ledar da ba a rataya ba ba ta cika huhun kowa. Ga babban mutum da ba ya zubar jini kuma yanayinsa a daidaice yake, mafi yawan ƙa'idoji sun tsaya a kan himogulobin (sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini) maki 7 a matsayin iyakar da ake fara tunanin ƙarin jini, ko 8 ga mai ciwon zuciya. Binciken TRICC da aka yi a Kanada aka wallafa a 1999 na cikin waɗanda suka fara nuna cewa jira har jini ya sauka zuwa 7 bai ƙara yawan mace-mace ba ga marasa lafiya na ɗakin kulawa ta musamman. Ga yara, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙara jini idan himogulobin ya gaza 4, ko yana tsakanin 4 da 6 tare da alamun galabaita irin su wahalar numfashi ko gushewar hayyaci.

A tambayi dalilin ƙarancin. Idan rashin sinadarin ƙarfe ne, ko bitamin B12, ko folik asid, kuma mutum yana tafiya da ƙafarsa, magani zai ɗaga jinin cikin makonni ba tare da an jefa shi cikin haɗari ba.

Mataki na biyu: a tantance wanda ke bakin rami

Wannan ba ya cin minti biyar. A buɗe fayil, a kuma dubi mutumin da ido. Waɗanda suka fi faɗawa su ne tsofaffi, musamman waɗanda suka haura shekara 70, da jarirai da ƙananan yara, da duk babban da nauyinsa bai kai kilo 50 ba. Sai masu ciwon zuciya ko wane iri, masu ciwon ƙoda, masu shan maganin sa fitsari kullum, masu kumburin ƙafa ko ciki, da yaran da tamowa ta kama. Mai ciki ko mai jego da ke da hawan jini na juna biyu, ko wadda zuciyarta ta raunana bayan haihuwa, ita ma tana cikin jerin, kuma an fi mantawa da ita saboda ana ganin yarinya ce mai ƙarfi.

Sannan a duba abin da aka riga aka zuba masa. Leda nawa ta ruwa ya sha cikin awa 24 da suka wuce? Fitsari nawa ya yi? Sau da yawa jinin ba shi kaɗai ne mai laifi ba, ya zo ne ya tarar da lita uku na ruwa sun riga shi shiga. A saurari ƙirji, a dubi jijiyar wuya, a danna ƙafa a ga ko yatsa zai bar rami. Idan mutum tun kafin a fara ba ya iya kwanciya rigingine sai an jingina shi da matashi biyu ko uku, to ruwa ya riga ya fara taruwa. A sanar da likita a rage ruwan tukuna in hali ya ba da dama.

Tun 2016 SHOT ke ba da shawarar a riƙa cike ɗan jerin tambayoyi irin waɗannan kafin kowane ƙarin jini. Ko asibiti ba shi da takardar, tambayoyin suna iya zama a kan ma'aikaci.

Mataki na uku: a hau sikeli, a yi lissafi

Nan ne aka fi sakaci. Ba wanda zai ba yaro allurar kashe ƙwayoyin cuta bai san nauyinsa ba, amma sai a rubuta "leda biyu" ga kowa, ƙato da tsohuwa 'yar firit, kamar duk jikinsu ɗaya.

Maganar da aka saba ji cewa leda ɗaya tana ɗaga himogulobin da maki 1 gaskiya ce ga mutum mai kilo 70 zuwa 80. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne mililita 4 na tatattun jajayen ƙwayoyi a kowane kilo suna ɗaga shi da kusan maki 1. Ɗauki tsohuwa mai kilo 40. Jininta gaba ɗaya kusan mililita 2,800 ne. Ledar tatattun ƙwayoyi tana ɗauke da kusan mililita 300, ke nan leda ɗaya za ta ɗaga mata jini da kusan maki 2. Idan kuwa cikakken jini ne wanda ba a tace ba, ledar tana kai wa mililita 500, wato an ƙara mata kusan kashi ɗaya cikin shida na duk jinin jikinta a zama ɗaya. A yi mata haka sau biyu a jere a ga abin da zai biyo baya.

Don haka ga mai haɗarin kamuwa da TACO, tatattun ƙwayoyi sun fi cikakken jini in ana samu. A ba da leda ɗaya, a tsaya, a sake duba mutum, a sake gwada jini, sannan a yanke shawarar ta biyu. Idan ɗakin ajiyar jini na iya raba leda gida biyu ta hanya mai tsafta, a nemi su raba.

Yara kuwa ba a rubuta musu jini da leda, sai da mililita. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shi ne mililita 10 a kowane kilo na tatattun ƙwayoyi, ko mililita 20 a kowane kilo na cikakken jini, cikin awa uku zuwa huɗu. Yaro mai tamowa mai tsanani ana rage masa cikakken jinin zuwa mililita 10 a kowane kilo, a hankali cikin awa uku. Yaro mai kilo 10 da aka rubuta masa mililita 100, to 100 ɗin nan ce, ko da rabin ledar zai saura. Na san zubar da ragowar jini yana da ciwo, musamman idan da ƙyar aka samo shi. Amma huhun yaron bai san wahalar da aka sha ba. A sa alama a jikin ledar, ko a yi amfani da roba mai ma'auni, don kada ledar ta ƙare ana can ana wani aiki.

Ruwan jini, wato plasma, da ake bayarwa don taimaka wa jini ya daskare, shi ma yana jawo TACO, har ma da sauƙi, domin babban mutum kan buƙaci leda uku ko huɗu, abin da ya doshi lita guda.

Mataki na huɗu: gudun jinin

Ƙa'ida ita ce leda ta ƙare cikin awa huɗu daga fitowarta daga firji, saboda ƙwayoyin cuta kada su hayayyafa a ciki. Mai ƙarfi ana iya gama masa cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Mai haɗari a ja masa zuwa awa uku ko uku da rabi. Idan akwai injin tura ruwa da ya dace da jini, shi ya fi. In babu, sai a ƙirga ɗigo da agogo a hannu.

A duba jikin kwalin robar, an rubuta ɗigo nawa ke yin mililita ɗaya, galibi 20, wasu 15. A ninka yawan jinin da wannan adadi, a raba da yawan mintuna. Mililita 300 cikin awa uku da roba mai ɗigo 20 zai ba da ɗigo 33 a minti, kusan ɗigo 8 a kowace daƙiƙa 15. A sake ƙirgawa lokaci zuwa lokaci, domin mara lafiya na miƙe hannu sai gudun ya canja. Abin da ya fi muni shi ne jini ya tsaya na awa guda saboda hannu ya lanƙwashe, sai a zo a buɗe shi gaba ɗaya don a cike gurbin lokacin da ya wuce. Sauri ya haifi nawa. In lokaci ya ƙure, gara a cire ragowar.

A rufe sauran ruwan da ke shiga ta wata jijiyar in ba dole ba ne. A kwantar da mutum a jingine, ba rigingine ba. A guji fara jinin da ba na gaggawa ba da tsakar dare, lokacin da ma'aikata suka yi kaɗan kuma fitila a rage take.

Game da furosemide, wanda aka fi sani da Lasix, likitoci da yawa suna ba da shi kafin a fara jini ga mai haɗari, kuma yana da ma'ana ga wanda ruwa ya riga ya yi masa yawa. Amma ba lasisin yin gudu ba ne, kuma bai kamata ya zama al'adar kowace leda ba. Wanda ruwan jikinsa ya ƙone ko awon jininsa, wato BP, ke ƙasa, maganin zai ƙara kayar da shi, yana kuma rage sinadarin fotashiyam. Likita ne zai auna ya rubuta.

A yi wa mai zaman jinya magana tun farko, da harshe mai taushi amma ba wasa: kada kowa ya taɓa ɗan abin murzawar da ke jikin robar. Kuma a gaya wa mara lafiyan kansa, "Baba, in ka ji ƙirjinka ya yi nauyi, ko numfashi na yi maka wuya, ko tari ya taso maka, kada ka daure, ka sa a kira ni." Tsofaffi sun iya dauriya, kuma a nan dauriyar cutarwa take yi.

Mataki na biyar: sa ido

A auna zafin jiki, bugun zuciya, awon jini, yawan numfashi da iskar oksijin a jini kafin a fara, da minti 15 bayan farawa, da kuma bayan an gama. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ake nema ga kowa. Mai haɗari yana buƙatar a riƙa leƙa shi duk rabin awa, domin TACO ba ta cika bayyana a minti 15 na farko ba. Tana zuwa ne can wajen ƙarshen leda, ko a tsakiyar ta biyu, ko bayan an cire komai an tafi. A 2018 ƙungiyoyin ƙwararru kan harkar ƙarin jini, wato ISBT da IHN da AABB, suka sabunta ma'anar matsalar, suka faɗaɗa lokacinta daga awa 6 zuwa awa 12 bayan ƙarin jini. Don haka wanda ya karɓi aiki da dare dole a gaya masa wane ne aka ƙara wa jini da rana.

A ƙirga numfashi da gaske, minti guda cur, kada a rubuta 20 don an saba. Shi ne ke fara canjawa. Wanda ya fara da 18 yanzu yana 26 ya riga ya ba da sanarwa, ko da injin auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa yana nuna lafiya lau. Sauran alamun farko: busasshen tari, ciwon kai, rashin natsuwa, neman a tayar da shi zaune, bugun zuciya da awon jini suna hawa tare. Daga baya jijiyar wuya ta cika ta tsaya, a ji ƙarar ruwa a ƙasan huhu, gumi ya karyo, leɓe ya yi duhu. In ta kai ga kumfa mai ruwan hoda daga baki, an makara ƙwarai.

Mataki na shida: idan ta faru

A rufe jinin nan take, ba a rage gudu ba. A bar kanular a jijiya don za a buƙace ta, amma kada a saki ruwan gishiri yana gudu, abin da hannu ya saba yi a sauran illolin ƙarin jini. A tayar da mutum zaune sosai, ƙafafu a sauke in zai yiwu. A sa masa oksijin, ana neman kashi 94 zuwa 98, ko 88 zuwa 92 ga mai daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu. A aika a kira likita, kada a bar gadon. Kafin ya iso, a sake auna komai, a kuma sake duba sunan da ke kan leda da na mara lafiya, don a tabbatar ba jinin wani aka rataya ba.

Maganin farko furosemide ne ta jijiya, galibi miligiram 20 zuwa 40 ga babba, miligiram 1 a kowane kilo ga yaro. Wanda ya daɗe yana shan sa ko mai ciwon ƙoda kan buƙaci fiye da haka. Ta jijiya yana fara aiki cikin 'yan mintuna. A auna fitsari, da robar fitsari in ya kama. Idan awon jini ya hau sosai, likita na iya ƙara maganin buɗe jijiyoyi irin su naitirogilisarin. Idan numfashi bai lafa ba, sai injin tura iska ta abin rufe fuska ko ɗakin kulawa ta musamman. Mai ƙodar da ta daina aiki ba zai amsa maganin fitsari ba, wankin ƙoda ne mafitarsa, kuma gara a fara shirinsa da wuri. Hoton ƙirji yana taimakawa, amma ba a jiran sa kafin a fara magani.

Mataki na bakwai: a tabbatar ba wata ce ba

Ba duk sarƙewar numfashi lokacin ƙarin jini ne TACO ba, kuma maganin wata na iya zama gubar wata. Wadda ta fi kama da ita ita ce TRALI, raunin huhu da ke faruwa cikin awa 6, galibi saboda wasu sinadaran garkuwa da ke cikin ruwan jinin mai bayarwa. A hoton ƙirji suna iya yin kama. Bambancin yana wajen awon jini da jijiyar wuya: a TACO awon jini yakan hau, jijiyar wuya ta cika, kuma mutum na samun sauƙi bayan ya yi fitsari da yawa. A TRALI awon jini yakan faɗi, zazzaɓi ya zo, jijiyar wuya ba ta cika, maganin fitsari kuma ba ya taimakawa, yana ma iya ƙara dagula lamarin. Zazzaɓi shi kaɗai bai kore TACO ba, ana ganin sa a wasu masu ita. Inda ake gwajin BNP, sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan aiki ya yi wa zuciya yawa, hawansa fiye da ninki ɗaya da rabi na yadda yake kafin ƙarin jini yana nuni ga TACO.

Idan akwai borin jini a fata, kumburin leɓe ko harshe, shaƙewa da faɗuwar awon jini cikin mintunan farko, wannan mummunan borin jiki ne, allurar adirenalin yake nema ba jinkiri. Ciwon baya, rawar ɗari da fitsari mai duhu suna nuna jinin bai dace ba. Zazzaɓi mai zafi da kakkarwa da faɗuwar awon jini na iya zama ƙwayoyin cuta a cikin ledar.

Mataki na takwas: bayan ƙura ta lafa

A rubuta komai: lokacin da aka fara, mililita nawa suka shiga, ruwan da aka ba shi kafin nan, awo kafin da bayan, maganin da aka bayar da yadda ya amsa. A kai rahoto ɗakin ajiyar jini tare da ledar da robarta in sun buƙata. Ana yawan ƙin kai rahoton TACO, ko don ana ganin ciwon zuciyar mutum ne kawai ya tashi, ko don tsoron a ce laifin wane ne. Rahoton ne kaɗai zai sa asibiti ya gane yawan faruwarta a ɗakunansa.

Mara lafiyan mai yiwuwa har yanzu yana buƙatar jini. A sake gwada himogulobin, domin abin da ya riga ya shiga zai iya wadatarwa. In dole sai an ƙara, a jira numfashi ya daidaita, ruwan ya ragu, sannan a nemi sabuwar leda, rabi in zai yiwu, da rana, a hankali, tare da maganin fitsari da likita ya tsara. A rubuta a gaban fayil da manyan baƙaƙe cewa ya taɓa samun TACO, a kuma gaya masa da iyalinsa da baki, don duk asibitin da ya je nan gaba su faɗa kafin a rataya masa jini.